Ka Gano Shi, To Me Ka Ba Shi?

Akwai wani alfahari da ya yi yawa a makarantar nan, musamman a tsakanin 'yan uwana masu yawo da iyafis a kunne daga hostel har ƙofar ɗakin lakca. Alfaharin "ni na fara saninsa". Ana zaune a kafteriya waƙa ta tashi a wayar wani, sai ka ji ɗaya ya ce, ai wannan yaron tun yana da mabiya ɗari biyu a Audiomack nake jin sa, ku sai yanzu kuka farka. Yana faɗa yana hura hanci, kai ka ce shi ya raɗa wa mawaƙin suna.

Ban ga laifin farautar ba. Ni kaina ina yin ta, kuma ina jin daɗinta. Ka sayi datar dare, ka gama abin da ya kai ka na asamen, sai ka faɗa YouTube, wannan waƙa ta miƙa ka ga waccan, kafin ka ankara kana kallon wasu samari huɗu da jita a wani tsakar gida a Agadas, ko kana jin wata yarinya daga Zariya da ba ta da komai sai murya da ɗan kiɗan da ƙaninta ya haɗa mata a laftof. Ba gidan rediyo, ba kamfani, ba wanda ya ce maka ga abin da za ka ji. Kai ka tono abinka. Iyayenmu ba su samu wannan ba. Su abin da rediyo ya sa, ko abin da mai kaset ya kawo ranar kasuwa, shi ne iyakarsu.

Tambayata ɗaya ce: bayan ka gano shi, me ya shiga aljihunsa daga hannunka?

Bari in kawo labarin wani maƙwabcinmu, don da shi maganar za ta fi fita. Mdou Moctar Ba'abzine ne daga jihar Tawa a Nijar. Bahago ne wajen kaɗa jita, kuma jitarsa ta farko shi ya ƙera abarsa, da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato, ya shiga situdiyo ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Duk wanda ya ji waƙoƙin zai gane a wajenmu aka yi su, don an bi muryar da irin gyaran kwamfutar nan da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa, ga gangar inji tana bugawa a ƙasa, sai dai harshen Tamashek ne. Babu kamfanin da ya fitar da su a lokacin. Waƙoƙin da ƙafarsu suka kama hanya, daga memori zuwa memori, ta Bluetooth, a tasha, a teburin mai shayi, a cikin motocin da ke ratsa sahara, har suka isa arewacin Mali. Kuma kun san halin waƙar da ta bi ta wayoyi goma. Sunan mai ita kan ɓace a hanya, ya koma wata lamba marar ma'ana.

A can garin Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin Portland, yana zama da matasa yana musayar waƙoƙi da su daga wayoyinsu. Ya tara abin da ya samu, ya fitar da faifai mai suna Music from Saharan Cellphones a 2011, da waƙar Mdou a ciki. Abin da ya sa nake ba da labarinsa shi ne bai tsaya a "na gano" ba. Ya shiga neman masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ta Facebook da cigiya a bakin mutane, don ya nemi izininsu kuma ya ba su kasonsu. Haka ya kai ga Mdou. Ɗan ƙaramin kamfaninsa, Sahel Sounds, ya ci gaba da fitar da aikin mutumin, daga baya kamfanin Matador na Amurka ya ɗauke shi, ya fitar da Afrique Victime a 2021. Yau yana kewaya duniya da jitarsa.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ba cewa nake sai Bature ya zo kafin mu san darajar abinmu ba. Akwai masu sukar irin wannan harkar, suna cewa mutum ya zo daga nesa ya kwashi kiɗan talakawa ya kai wa masu dala, kuma suna ya fi tsayawa a kansa. Suka ce mai tushe, a ci gaba da yin ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. A gida ana kiran Mdou biki ana biyansa, wannan tsohuwar hanya ce kuma tana aiki. Amma duk ɗimbin masu jin sa ta waya daga nesa, komai ƙaunar da suke yi masa, tsarin turawar nan ba shi da wata ƙofa da kwabo zai bi ya koma wurinsa. Waƙa tana tafiya gaba, kuɗi ba ya dawowa baya. Yau mun bar Bluetooth mun koma Xender da WhatsApp da Telegram, wayoyin sun ƙara tsada, amma tsarin yana nan yadda yake.

Nijar ɗin nan da muke ganin kamar mun fi ta wayewa, ta fi mu ƙungiyoyin kiɗa na gaske, irin masu jita biyu da ganga da suke tsayawa tare su yi wasa. Etran de L'Aïr 'yan uwa ne na jini daga Agadas, sun yi shekara da shekaru suna kiɗan biki a unguwannin talakawa kafin duniya ta ji su. Les Filles de Illighadad mata ne daga wani ƙauye, jagorarsu Fatou Seidi Ghali da jitar ɗan uwanta ta koya, ta haɗa ta da kiɗan tende na matan Abzinawa. Tal National na Yamai suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kuma da babu mai rarraba musu faifai, a shataletalen Yamai suke sayar da abinsu da hannunsu. A 2020, Sahel Sounds ya riƙa fitar da waƙoƙin da mawaƙa suka ɗauka da waya suka aika masa ta WhatsApp, wata-wata, yana sayarwa a Bandcamp yana miƙa musu kuɗin, kuma Etran ne suka buɗe jerin. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka da sararin samaniya, Mdou da 'yan ƙungiyarsa suna Amurka suna zagayen wasa, suka maƙale a can. Masu saurarensu ne suka yi karo-karo ta intanet suka riƙe su har hanya ta buɗe. Mutanen da yawancinsu ba su jin ko kalma ɗaya ta Tamashek fa.

In ka duba da kyau, mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan harka ta mai sauraro ya riƙe mawaƙinsa. Mu ne ma 'yan gado. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Ɗan Anace yana da 'yan dambe da masu zuwa kallon dambe, shi ya sa har gobe ba a ambaton Shago ba a tuna da shi ba. Barmani Choge tana da mata, a cikin gida, da ƙwarya a kan ruwa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da mata masu sana'a, kuma duk wanda ya ji sunansa a bakin Shata ya san akwai abin da ya hau kansa. Ɗanmaraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa. Ga kuma abin da muke mantawa: waɗannan mutanen ƙungiya ce a bayan mafi yawansu. Akwai makaɗa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai kururuta sunan wanda ya yi kyauta. Duk daga abin da aka samu a fili suke ci. Mai sauraro a wancan zamani yana da fuska. Yana tsaye a gaban mawaƙi, waƙa ta ratsa shi ya sa hannu a aljihu, kowa yana gani. Wanda ba shi da riga ko doki ya ba da sule biyu, kuma an san ya bayar.

Ba ina kiran a koma can ba ne. Tsarin yana da nasa ƙazantar. Roƙo ne, kuma roƙo yana sa a yabi wanda bai cancanta ba, a yi wa wanda ya hana zambo da habaici har ya rasa inda zai sa kansa. Liƙin ma da ya rage mana na gado, doka ta hana, sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya ɗauke shi a matsayin wulaƙanta naira, kuma tun 2024 mun ga EFCC tana gurfanar da mutane a kansa. Abin da nake nunawa kawai shi ne, a wancan tsarin babu wanda zai ji waƙa shekara guda tana faranta masa rai, ya kuma ɗauka cewa bai ci bashin kowa ba.

Yanzu ku bi sawun kuɗin da muke kashewa a kan waƙa ɗaya. Muna cewa kyauta muke ji, amma wallahi ba kyauta ba ce. Ka sayi data, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kowa ya ji a jikinsa. Kamfanin sadarwa ya ci. In ba ka da data ka je wurin 'yan dawunlodin na bakin get, ka ba da memori a cika maka, ka biya. Ya ci. Mai cajin waya ya ci ranar da babu wuta, mai sayar da iyafis ya ci, shafukan nan da ke kwashe waƙoƙin mutane su liƙa musu tambarinsu a farko da ƙarshe, suna samun kuɗin talla, su ma sun ci. A duk layin nan mutum ɗaya ne ya fita da hannu biyu, shi ne wanda ya zauna ya rubuta baitin, ya biya kuɗin situdiyo, ya biya mai kiɗa, ya biya yarinyar da ta yi masa amshi, in ma ya biya ta.

Wani zai ce ai ni a manhaja nake ji, kuma manhaja tana biyansu. Tana biya, amma ya kamata mu san yadda take biyan. Ba wai kowane sauraro yana da tsayayyen farashi ba ne. Irin su Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, suna tara abin da suka samu a ƙasa daga masu biyan wata-wata da masu talla, su cire nasu, sauran su raba gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu a cikin jimillar. Ma'ana, ko da wata guda ka yi ba ka ji kowa ba sai wannan yaron da ka gano, kuɗinka tukunya ɗaya yake faɗawa da na kowa, kuma babban ludayi yana hannun Burna Boy da Davido da Asake. Tukunyar Najeriya kuma ƙarama ce, don kuɗin watanmu in aka juya shi zuwa dala ba wani abu ba ne, yawancinmu ma ba ma biya. Daɗin daɗawa, daga 2024 Spotify ta ce waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba, ba ta da kaso kwata-kwata. YouTube kuwa, kafin ka fara cin kuɗin tallan da ke fitowa a dogayen bidiyonka, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara. Wannan yaron mai mabiya ɗari biyu da ake alfahari da shi a kafteriya, ku lissafa da kanku inda ya tsaya.

Akwai wani a dafatmen ɗinmu, ba zan kama suna ba, waƙarsa ta soyayya ta zagaya makarantar nan a semestar da ta wuce. Duk wadda ta yi bazday sai ta ɗora a status, a wajen dina ma an sa ta har sau biyu. A satin da waƙar ta fi tashe, ni na gan shi yana neman wanda zai ara masa handawut ya yi fotokwafi rabi, don kuɗinsa bai kai ya sayi cikakke ba. Ana gaishe shi da "selebiriti" yana murmushi.

Daga nan kuma sai mu yi mamaki idan irinsu suka kama wata hanya. Yaro ya fara da waƙoƙin da suka shafe mu, yana maganar rashin aiki, yana maganar shaye-shaye da tsadar aure, muna tafa masa. Shekara biyu, uku, tafi bai sayi ko buhun shinkafa ba. Sai lokacin zaɓe ya matso, wani ɗan takara ya kira shi ya ajiye masa abin da bai taɓa riƙewa ba a rayuwarsa. Washegari mu ne kan gaba wajen cewa ya sayar da kansa, ya zama maroƙi. To da wa kuke so ya sayar wa? Mu da muka ƙi saye? Mawaƙi dole yana da ubangida, ko mutum ɗaya mai kuɗi, ko mutum dubu masu ɗan abin da ba a rasa ba. Wanda ya riƙe shi kuwa, shi zai ji abin da yake so a bakinsa. Kuma kada a ce mutanenmu ba su iya haɗa kuɗi don waƙa ba. A 2020 Rarara ya fito ya ce masoyan Buhari su turo naira 1,000 kowannensu kafin ya saki sabuwar waƙa, aka yi ta turawa. Ra'ayinka game da waƙar siyasa naka ne, amma abin ya nuna hannun yana iya shiga aljihu idan zuciya ta so.

Na san amsar da ke bakin mafi yawanmu, don ni ma ɗalibi ne, kuma furojet ya gama tatse ni. Mu talakawa ne, da kuɗin makaranta za mu ji ko da na mawaƙi? Gaskiya ne. Akwai wanda garin kwaki ne abincinsa na dare sati guda, wannan ba da shi nake ba, Allah ya buɗa masa. Da masu sayen data don kallon ƙwallon Turai nake, da masu biyan gidan kallo duk Asabar da Lahadi, da masu canja kabar waya duk wata. Naira 500 a semesta, sau ɗaya, ga mawaƙi ɗaya da ka san ka ji waƙarsa fiye da sau hamsin. In mutum 200 suka yi haka, naira 100,000 ke nan. Ba za ta sa ya yi arziki ba, amma za ta mayar da shi situdiyo ba tare da ya je ya durƙusa a ƙofar gidan wani honorabul ba.

A ƙasashen waje hanyar da ƙananan ƙungiyoyi suka fi dogara da ita ita ce Bandcamp. Ka shiga shafin mawaƙi, ka ji, in ta yi maka ka saya kai tsaye, har ma kana iya ƙara abin da ka ga dama a kan farashin. Kamfanin yana cire kashi 15 cikin ɗari na waƙar da aka sauke, ragowar bayan kuɗin hada-hada na mai waƙa ne. A Maris 2020, da korona ta hana wasanni, suka fara ware wasu ranakun Juma'a da ba sa cire komai. Mu a nan abin bai zauna ba, saboda dala da wahalar da aka sha wajen biyan kuɗi zuwa waje da katin naira. Amma muna da abin da ya fi shi sauƙi, kuma yana cikin aljihun kowa. Mai shayi yana karɓar taransfa, mai rake yana da Opay, mai gyaran takalmi na bakin hostel ya manna lambar Moniepoint a jikin akwatinsa. Babu kamfani a tsakani, babu tukunya, babu ludayi. Abin da ya rage shi ne al'ada, a daina jin cewa tura wa mawaƙi kuɗi wani abin dariya ne, ko kuma sai ka zama Alhaji.

Sai masu cewa ai tura waƙar da nake yi wa abokai talla ce nake masa kyauta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kowa ya ga yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta tashi a 2020, lokacin kulle, da mata suka riƙa ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa da ita. Masu sauraro ne suka ɗaga ta, ba wani kamfani ba. To amma akwai bambanci tsakanin ka tura wa aboki hanyar da za ta kai shi shafin mawaƙin, da ka tura masa waƙar kanta da aka sauko da ita daga wani shafin ɓarayi. Ta farko tana ƙara masa lissafi, tana kai mutum inda zai ga sunansa da sauran ayyukansa. Ta biyu ita ce dai Bluetooth ɗin Kidal, an canja mata riga.

Su ma mawaƙan ba zan wanke su tas ba. Wasunsu ko sunansu ba sa iya rubutawa a jikin waƙa yadda ya kamata, sai ka ga "new song final final 2". Ka so ka yi alheri ka rasa ta inda za ka bi, babu lambar asusu, babu amsar saƙo. Wasu kuma da sun samu mabiya dubu biyar sai su fara magana da "masoyana" kamar daga saman bene, waɗanda suka tura waƙarsu tun tana da kallo talatin su zama ba kowa ba. Wasu su sayi mabiyan bogi, su zo suna mamakin me ya sa ba wanda ya zo wasansu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake yi wa 'yan mata masu amshi da masu haɗa kiɗa. Sau nawa ka ji muryar mace ta ɗauki rabin waƙa, ita ce ma daɗin waƙar, amma ka duba sama da ƙasa babu sunanta? Mawaƙin da ke kukan masu sauraro ba sa biyansa, ya fara duba ko shi ya biya waɗanda suka tsaya a bayansa. Shata dai da mutanensa yake tafiya.

Akwai kuma haɗarin da ke ɓangarenmu idan abin ya kankama. Wanda ya ba da naira 500 kada ya ɗauka ya sayi mutum. Na ga yadda wasu ke yi wa ƙananan mawaƙa idan suka gwada wani salo daban, a yi musu caa, wai sun canja, wai sun fara kwaikwayon 'yan Legas. Ubangida mai kai dubu ma yana iya zama azzalumi, wani lokaci ya fi mai kai ɗaya, don shi ba ka san ƙofar da za ka je ka ba shi haƙuri ba. Ka biya don abin da ka riga ka ji ya yi maka daɗi. Waƙar gobe tasa ce, in ba ta yi maka ba ka wuce.

Na san a cikin masu karanta mujallar nan akwai waɗanda ba sa jin kiɗa sam saboda fahimtarsu ta addini, kuma ina girmama hakan. Sai dai maganar ba ta tsallake su ba. Sha'irin da kake jin ƙasidarsa, da mai karatun da ya ɗauki muryarsa a ɗaki ya ɗora, da marubuciyar da ake ta tura littafinta a guruf-guruf ba da izininta ba, duk layi ɗaya suke da mai jita. Haƙƙi dai haƙƙi ne.

Yanzu ga 'yan uwana na ƙungiyar ɗalibai, tunda mujallarku ce kuma kun ba ni fili. Kwamared, duk shekara idan makon ɗalibai ya zo, hankali yana tafiya ne wajen wane babban suna za a kawo. A tara kuɗi, a bi masu ɗaukar nauyi, mutum ya zo a makare ya hau dandamali, a sa waƙarsa a sifika yana bin ta da baki minti ashirin, ya shiga mota ya tafi. Yaranmu na cikin gida kuwa su ake sawa su ɗumama fili tun ƙarfe huɗu, rana tana dukansu, makirufo yana yankewa, a ƙarshe a ce musu an ba su dama. Wani ma sai ya biya kafin a sa sunansa a jerin. Ni wata uku ya rage mini in bar makarantar nan, don haka ba don kaina nake faɗa ba, kuma ko kiɗan gwangwani ban iya ba.

Abin da nake roƙo a gwada a bana ba shi da tsada. A ware dare ɗaya na mawaƙan cikin makaranta da na unguwannin da ke kewaye da mu, waɗanda ba su da kamfani. A sa kuɗin shiga kaɗan, ko naira 300 ne, a kuma faɗa tun kafin ranar kashi nawa ne nasu, a rubuce, a manna a allon sanarwa. Kowa ya hau da mutanensa, a ambaci sunan mai kiɗa da mai amshi da bakin mai gabatarwa, yadda sanƙira yake yi. A rubuta lambar asusun kowane mai wasa a babban kwali a gefen dandamali, wanda waƙa ta ratsa ya ciro waya maimakon ya ciro sabbin kuɗi ya jawo wa kansa EFCC. A nemo masu kalangu ko gurmi daga cikin gari su ma a ba su nasu lokacin, don da yawanmu ba mu taɓa tsayawa a gaban kiɗan da hannu ke yi ba sai a bidiyo. Daraktan walwala kuma ya karanta abin da aka tara a gaban jama'a kafin a watse, a raba a daren, kada a ce su dawo ofis ranar Litinin.